Kawu Nicanor, Mai Ƙin Bazara

A duk faɗin Mallín Pardo, inda sai ka hau doki kafin ka kai wa maƙwabci gaisuwa, mutum ɗaya na sani da yake ɓata rai idan ƙanƙara ta fara narkewa. Shi ne Nicanor Painefil, yayan mahaifiyata. Da ba haka yake ba. Na dawo gida daidai lokacin da abin ya faro, shi ya sa zan iya ba da labarinsa.

Kawu makiyayi ne kamar kowa a wajenmu. Yana da tumaki, da 'yan awaki, da karnuka biyu da ba sa jin maganar kowa sai tasa. Bai taɓa aure ba. Da ƙuruciyarsa ya yi 'yan shekaru can kudu tare da masu gyaran hanya, yana tuƙa motar kankare titi, kuma da gumin wannan aiki ya sayo jar a-kori-kura mai shan fetur. Ita ce mota ta farko da ta zama 'yar gida a Mallín Pardo. A bayanta aka kai ni tashar jirgin ƙasa ranar da zan tafi karatu, ina zaune kan buhun ulu ina kuka. Da na dawo bayan shekaru masu yawa da shaidar likitan dabbobi, ita ɗin ce dai ta zo tarata. Fenti ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaure ta da igiyar fata, amma muryar hon ɗinta tana nan yadda na bar ta.

"Likitar tumaki!" in ji Kawu yana jefa akwatina a baya. "Bi kayanki, 'yar nan. Gaba da mai ita."

Mai ita Doña Eulogia Curapil ce, wata dattijuwa siririya mai saƙa barguna, wadda mijinta ya rasu tun ina makarantar firamare. Doña lakabin girmamawa ne ga mace, Don kuma ga namiji. A wajenmu duk wanda ya zauna kusa da direba shi ke da aikin mate, wani shayin ganye mai ɗaci da ake zuƙa daga ƙoƙo da bututun ƙarfe. Zai riƙe fulas tsakanin gwiwoyinsa, ya cika ƙoƙo, ya sa wa direba a hannu ba tare da direban ya ɗauke ido daga hanya ba. A hanya irin tamu, mai tsakuwa da ramuka, wannan ba aikin kowa ba ne. Doña Eulogia ta san kowane rami daga ƙofar gidanta har Maquinchao, garin da muke sayayya. Takan zuba ruwa kafin a kai wurin tsalle, ta dakata a kwana, ta miƙa ƙoƙo daidai inda hanya ta miƙe. Duk Juma'a, ranar shiga gari, wannan kujera tata ce. Ba wanda ya ba ta, ba wanda kuma ya taɓa tunanin karɓewa. Idan aka zolayi Kawu a kan maganar, sai ya ce, "Ita kaɗai ce ba ta ƙona mini cinya." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a bainar jama'a, kuma ina kyautata zaton ko ita ɗin ma bai taɓa faɗa mata fiye da haka ba.

Jar motar tana da hali irin na tsofaffi: ba ta babban ciwo, amma kullum da ɗan ƙorafi. Kowace Alhamis da yamma Kawu zai ɗaga bonet, ya ciro fulogai ya jera su a kan tsumma, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance kafireto ya hura shi da baki, ya tofar, ya zagi wanda ya ƙirƙiro ƙura. Fetur kuwa tana kwankwaɗarsa kamar mai rama ƙishirwa. Amma duk abin da ya same ta a hanya, waya da filaya da ɗan haƙuri sun isa. Na ga ranar da bel ya tsinke, Kawu ya yanka ɗamarar wandonsa ya ɗaura mata, muka isa gari hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙugu.

Shekarar da na dawo ce ɗan Don Fermín Antileo, wanda ke aiki a rijiyoyin mai, ya aiko wa ubansa da farar a-kori-kura mai shan gas. Don Fermín abokin Kawu ne tun suna yara suna kiwo, mutum mai ƙiba da yawan dariya, shi ma matarsa ta rasu. Ranar da aka taru a gidansa don yi wa 'yan tumaki shaida a kunne ya fito da ita. An gama aiki, nama yana kan wuta, sai ya shiga ya tayar da ita, mutane suka bar naman suka kewaye mota.

Kawu bai tashi daga bakin wuta ba. Daga inda yake ya ɗaga murya: "Fermín, wa ya kawo injin niƙa? Da ka faɗa da na zo da alkamata."

"Injin niƙa ne, tsoho, amma ba ya shan fetur kamar wata mashayiya da na sani. Tanki ɗaya, in je gari in dawo in sake komawa."

"To, Allah ya kai mu ranar canjin baƙin mai. Bokiti guda take sha, in ji masu ita. Ga matatai nan kala-kala, ta iska, ta mai, ta gas, kowace da ranarta kamar masu karɓar haraji."

"Amma ba ta da fulogin da zan zauna ina goge masa haƙora duk Alhamis."

"Ranar da ta tsaya maka a daji, me za ka ɗaura mata? Ɗamararka? Ai ko ɗamararka ta zagaye inji sau biyu ba za ta tashi ba, sai an kira yaro mai kwamfuta daga birni."

Aka fashe da dariya, Don Fermín ya fi kowa. Ni kuwa ina kallon Doña Eulogia. Ta buɗe ƙofar gaba, ta shafa kujera, ta sa tafin hannunta a bakin ramin da iska mai ɗumi ke fitowa. Ta daɗe a haka. Da na waiwaya sai na ga ba ni kaɗai nake kallonta ba. Naman da ke kan wuƙar Kawu ya huce bai kai shi baki ba.

Ba a yi wata guda ba abin ya faru. Wata Juma'a jar motar ta ƙi tashi sai da aka tura ta gangare, muka makara. Muna isa ƙofar gidan Doña Eulogia muka tarar an kulle, ga sawun taya sababbi. Can gaba muka hango farar mota tana tafe tana bar mana ƙura.

"Dawo gaba," in ji Kawu ba tare da ya dube ni ba.

Na dawo gaba, na karɓi fulas. A rami na farko na kwarara masa ruwan zafi a cinya. Ya goge wandonsa ya ci gaba da tuƙi. Da muka isa gari muka same ta a kantin yadi, ta ce masa cikin sauƙin kai, "Na jira ka, Nicanor. Gwiwata ba ta son tsayuwa. Kuma motar Fermín ƙura ba ta shiga."

"Ai gwiwa ta fi komai," in ji Kawu.

Daga ranar kujerar gaba ta koma farar mota, Kawu kuma ya koma wani mutum. Da can bai damu da wayata ba, yana cewa akwatin gulma ce. Yanzu duk ranar da muka hau tudun da ake samun sabis sai ya ce, "Likita, tambayar mini akwatin nan, wane ciwo ne ya fi kashe injin gas?" In karanta masa: ruwa a cikin mai, datti a nozil, famfon mai idan ya lalace. Yana saurare yana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa. Idan na karanta inda aka ce injin gas ya fi na fetur daɗewa da jan kaya, sai ya ce, "Wuce nan, talla ce." Duk inda Don Fermín ya ajiye mota ya tashi, Kawu sai ya bi ta wurin kamar mai neman wani abu da ya faɗi, yana duba ƙasa ko zai ga ɗigon mai. Ranar da ya ji an sayi batir sabo ga farar mota, har fanke ya soya mana da kitsen rago.

Ya kuma shiga gyaran tasa. Ya toshe ramukan ƙasan da fata, ya shimfiɗa buzun farin rago a kujerar gaba, ya ƙera wani ɗan zobe na waya a jikin allo inda ake saka fulas. Ya hana kowa zama a kan buzun. Ni ma sai na naɗe shi tukuna. Wata rana na leƙa rumfar Don Fermín zan duba masa wata tunkiya, na tarar da Kawu shi kaɗai a tsaye, ya sa hannu ta taga yana danna kujerar farar mota da yatsa, yana gwada taushinta. Ya gan ni, ya zare hannu ya ce, "Soso ne kawai."

A watan Janairu, tsakiyar bazara a wajenmu, aka sayar da ulu. Kamar kowace shekara, kowane gida ya yi sayayyar shekara gaba ɗaya, don idan ƙanƙara ta rufe hanya ba mai ba ka ko ƙwayar gishiri. Aka loda buhunan fulawa, da ganyen mate, da sukari, da taliya, da ashana. Mai mota kuma ya cika durom-durom na mai ya kai gida ya jera a rumfa. Haka Kawu yake yi da feturinsa tun kafin a haife ni, kuma haka kowa ya koya daga gare shi. Don Fermín ma ya jera durom ɗinsa a gidan mai, rana tana dukan ƙeya, aka cika masa su da gas har wuya.

Ina tsaye kusa da Kawu. Na ga ya dubi durom ɗin, ya dubi sama, ya buɗe baki, ya ɗaga hannu kamar zai kira abokinsa. Daidai nan Doña Eulogia ta leƙo ta tagar farar mota ta miƙa wa Don Fermín ƙoƙon mate. Hannun Kawu ya sauka a hankali.

"Me za ka ce, Kawu?"

"Ni? Hamma na yi."

Ya tsallaka titi ya shiga shagon kayan mota, ya fito da wani ɗan kwali a hammata, ya cusa shi ƙarƙashin kujera. Na ɗauka fulogai ne.

Abin da Kawu ya sani, wanda ni da Don Fermín ba mu sani ba, ya koyo shi ne a kudu. Gas ɗin da ake sayarwa da bazara daban yake da na lokacin sanyi. Fetur bai damu da ƙanƙara ba, ko yaushe ka zuba shi ruwa ne. Gas ɗin bazara kuwa, idan sanyi ya tsananta, sai ya yi kauri kamar man shanu ya toshe matatar mai. Mota za ta tashi lafiya a rumfa, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta shaƙe ta mutu a inda iska ta fi kaifi. Maganin abin kananzir ne kaɗan a cikin durom, da kalma ɗaya daga bakin wanda ya sani.

Da sanyi ya shigo na lura da wata sabuwar ɗabi'a. Duk Juma'a Kawu ba ya tashi sai farar mota ta wuce. Sannan ya bi sawunta daga nesa, da bargo, da galan ɗin kananzir, da igiyar ja. Ya ce don lafiyar hanya ne. Yanzu na gane hoton da ke ransa: farar mota ta tsaya, kafin kowa ya ji sanyi sai ga ja ta ɓullo, a buɗe ƙofa, ga buzu a shimfiɗe.

Ranar ta zo a watan Yuli, tsakiyar sanyi a wajenmu. 'Yar Doña Eulogia ta haihu a asibitin gari, aka aiko ta zo. Da safe ruwan randa ya zama dutse, karnuka sun ƙi fita. Muka ji ƙarar farar mota ta wuce. Kawu ya shafa gashin baki, ya shiga tasa, ya murɗa makulli. Tsohuwar motar ta yi nishi ɗaya ta yi shiru. Ya sake murɗawa. Batir ya daskare.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ya ciro batir ya rungume shi kamar jariri ya kai bakin murhu. Ya kwaso garwashi a faranti ya tura ƙarƙashin inji. Ya ciro fulogai ya gasa su a wuta, cikin gaggawa har ɗaya ya faɗi a toka.

"Kawu, ai sun yi gaba, gaggawar me kake yi?"

"Ba su yi gaba ba! Suna kan tudu! Tura, 'yar nan, don Allah tura!"

Sai da rana ta ɗaga sosai motar ta yarda. Kawu ya taka ta kamar ba shi ne mai lallaɓa ta ba. Tun daga nesa muka hango baƙin hayaƙi ya miƙe a kan tudun da iska ba ta hutawa. Don Fermín ya ƙona tayar safaya don a gan su, don kuma su ji ɗumi. Tayar ta kusa cinyewa. Doña Eulogia tana tsugune a gefen mota cikin bargonta, leɓɓanta sun yi shuɗi, yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa. Na cusa hannayenta cikin rigata, a hammatata, ina kiran sunanta har ta amsa.

"Allah ne ya kawo ka, ɗan'uwa," in ji Don Fermín, haƙoransa suna kaɗawa. "Tana tafiya lafiya sai ta fara tari. Ga mai cike da tanki!"

Kawu ya zaro kwalin nan daga ƙarƙashin kujera, ya ciro matata sabuwa fil. Ya kwance tsohuwar, ya nuna wa Don Fermín cikinta fari fat kamar kitse. Ya ɗaura sabuwar, ya tsiyaya kananzir a tanki, ya dinga danna famfon hannu har iska ta fita. A murɗawa ta uku injin niƙa ya kama. Don Fermín ya rungume shi yana kuka yana dariya.

Doña Eulogia tana zaune a jar mota, a kan buzu, ƙofa a buɗe. Idonta yana kan kwalin da iska ke mirginawa.

"Nicanor."

"Na'am, Doña."

"Motarka fetur take sha."

"Haka ne."

"To wannan matata ta motar gas, me take yi a ƙarƙashin kujerarka?"

Kawu ya dubi takalminsa.

"Kwalin ya yi ƙura. Tun yaushe take nan?"

Yana iya yin ƙarya. Bai iya ba. "Tun sayar da ulu," ya ce.

Don Fermín ya sake shi a hankali. Iska kaɗai ke ta kuka a jikin wayar shinge.

Ta bi mu zuwa gari, don jikanta yana jira. Ta zauna a gaba kusa da direba, ni na matsa jikin ƙofa. Fulas yana cinyarta cike da ruwa, ƙoƙo yana aljihunta. Muka wuce rami na farko, muka wuce kwana, muka kai inda hanya ta miƙe. Hannun Kawu na dama ya saki sitiyari da kansa, ya buɗe a iska kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ba abin da ya sauka a ciki. Har muka shiga gari ba ta kwance murfin fulas ba.

Washegari, ba wanda ya aike shi, Kawu ya loda kananzir ya tafi gidan Don Fermín. Ya gauraya masa kowane durom, ya nuna masa ɗan famfon da ake tsiyaye ruwa daga matata, ya koya masa jiran fitilar ɗumama inji ta mutu kafin ya murɗa makulli. Don Fermín yana zaune kan kututture yana kallonsa. Sai da aka gama ya ce, "Kai dai tsohon banza ne, Nicanor. Duk wannan a kan ƙoƙon mate? Ni fa mate ɗinta ɗaci yake mini. A ɓoye nake jefa sukari."

"Sukari?" Kawu ya miƙe da spana a hannu. "A mate ɗin Eulogia kake sa sukari?"

Da ƙyar na shiga tsakani. Suna fita daga rumfar suna zagin juna, na san abota ta tsira.

Ita kuwa ta ɗauki lokacinta. Yatsunta biyu sun daɗe ba su koma saƙa ba, kuma Kawu ne ya dinga kai mata itace yana ajiyewa a ƙofa ba ya sallama. Wata Juma'a muka tarar da ita a bakin hanya da jakarta. Ta buɗe ƙofa ta zauna a kan buzu, ta sa fulas a zoben waya.

"Kada ka yi murna," ta ce. "Farar nan ba zan sake ba ta raina cikin sanyi ba, ko an cika ta da kananzir. Taka kuma ba zan sake shan ƙurarta da bazara ba. Mota nake zaɓa, ba direba ba. Direba kuwa, ranar da wani ya koyi buɗe baki ya faɗi abin da ya sani tun da sauran lokaci, sai mu duba."

Ta cika ƙoƙo ta sa masa a hannu. Kawu ya zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara, ya buɗe baki. Daga baya nake, amma na gan shi ta gilashi, ina jiran abin da zai faɗa.

"Ruwan ya yi daidai," ya ce.

Haka ake ciki har yau. Daga faɗuwar ƙanƙara ta farko zuwa narkewarta, a kujerar gaba ta motar Kawu take zama, kuma za ka ji shi yana fito yana goge fulogai. Kowa a Mallín Pardo yana roƙon sanyi ya wuce don 'yan tumaki su rayu, shi kuwa sai ya tsaya a ƙofa yana duban tsaunuka yana cewa bana ƙanƙara ba ta da ƙwari. A makon jiya rafin bayan gida ya fara gudu. Na same shi a rumfa yana naɗe buzun farin rago.

"Kawu, ta faɗa maka abin da take jira. Me zai hana ka faɗa mata kawai?"

Ya ɗaure buzun da igiya, ya rataye shi a ƙusa. Daga nesa muka ji ƙarar injin niƙa tana nufar gidan Doña Eulogia. Ya saurara har ta tsaya, har aka rufe ƙofa, har ta sake tashi.

"Sai na gyara ƙofar hagu tukuna," ya ce. "Miƙo mini filaya."